Takarda Ɗaya Na Duba

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwanakin nan. Na ga saƙonninku. Na ga masu tambaya ko an sa rana, na ga kuma wadda ta rubuto cewa wai tunda na samu gida na manta da 'yan haya. Ban manta da kowa ba. Kunya ce ta riƙe mini hannu, domin abin da zan faɗa muku yau laifina ne tun daga tushe, kuma waɗanda suka san ni sun san sai an sha fama kafin in buɗe baki in ce na yi kuskure.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Boram. Shekarata talatin da ɗaya, ina aiki a ofishin wata makarantar firamare a Daegu, kuma takardu ne sana'ata. Ni ce wadda malamai ke tsoro, mai mayar musu da fom saboda hatimi ya karkace. Ina zaune da mahaifiyata a hawa na goma sha huɗu, a gidan da na yi rarrafe a cikinsa. Abba ya rasu ina sakandare, ya bar mu mu biyu. Wanda nake so sunansa Gitae. Ya girme ni da shekara huɗu, yana gyaran tukunyar ɗumama ɗaki a Sangju, kuma a gidan marayu ya tashi. Ba shi da uwa, ba shi da uba, ba shi da ko kawun da zai zauna kusa da shi ranar gaisuwar iyaye.

Umma ba ta taɓa cewa ta ƙi shi ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa, ta kuma zauna daram a kansa.

"Namiji ne ke kawo gida, mace ta cika shi da kaya. Ban ce ya gina mini fada ba. Ya kawo takarda mai sunansa in gani da idona."

"Haba Umma, yanzu wa ke wannan? Rabin ƙawayena a haya suka fara."

"Ƙawayenki mazansu na da iyaye. In abu ya ɓaci suna da inda za su koma. Shi fa? Wanda ba shi da dangi, aƙalla ya mallaki ƙofar da zai rufe." Ta ci gaba da tsinke jelar tsiron wake, ko kallona ba ta yi ba. "Na ba ku zuwa Bikin Girbi. In ya wuce babu gida, kada ki sake kawo mini maganarsa."

Mun zaga ofisoshin dillalai har ƙafafuna suka kumbura. Na ƙarshen da muka shiga, wani mai ƙyallin gashi da ƙaton agogo, ya dubi rigar aikin Gitae mai tabon mai, ya dubi hannayensa, sannan ya tambayi abin da muke da shi. Da ya ji, sai ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Da wannan sai dai in nema muku wurin ajiye mota. Kuma la'adata daban."

Gitae ya sunkuya ya yi masa godiya. Godiya fa! Muna fita na fashe da faɗa a bakin titi, shi ko cewa kawai ya yi, "Ya isa, Boram. Na bar shiga wurinsu." Ni kuma da bakin nan nawa da ba ya gajiya na ce, "Me dillali ya sani da ban sani ba? Takarda ce fa, Yaya. Kai nemo gidan, ka bar mini takardu." Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

A tsakiyar watan shida, ina cin abincin rana a ofis, saƙonsa ya shigo.

"Kina zaune?"

"Ina cin abinci. Lafiya?"

"Na je gyara wani ƙauye bayan gari. Wata tsohuwa za ta sayar da gidanta. Ɗaki uku, tsakar gida, bishiyar kanya biyu."

"Nawa?"

Ya rubuto. Na ajiye cokali na sake karantawa, don na ɗauka ya manta da sifiri ɗaya.

"Ka tabbata ka ji ta da kyau?"

"Sau uku na tambaya. Ta ce ba ta son dillali. Ta ce in kawo amaryar ta gan ta."

Ranar Asabar na sa doguwar rigata ruwan toka mai farin wuya, wadda nake sawa in za a zo duba makaranta, da takalmi marar tsini, na ɗaure gashina baya don in fito a mai hankali. Muka sayi kwalin madarar wake muka riƙe mata.

Gidan yana gindin wani tudu mai duhun itatuwa. Rufin kwano shuɗi, katangar duwatsu, ƙofar ƙarfe koriya mai kuka in an tura ta. A gaban ɗakunan akwai dandamalin katako da ya yi santsi saboda shekaru ana goge shi, ga baƙaƙen randuna jere a inda rana ke faɗa. Ni da na tashi ina shanya a baranda mai faɗin tabarma ɗaya, sai na tsaya a tsakar gidan nan na ji ƙirjina ya buɗe. Kicin ɗin ne kawai ya ba ni mamaki, don ya fi ƙarfin gidan: manyan tukwanen ƙarfe uku a kan murhu, da kabad cike da kwanonin tagulla har sama. A raina na ce tsohuwar nan ta haifi 'ya'ya da yawa, na wuce.

Sunanta Kaka Sundeok, shekararta tamanin da huɗu. Bayanta ya lanƙwashe har sai ta karkata kai kafin ta ga fuskata.

"Wannan ce? Kai, mai gyara, ashe kana da ido. Amma ba ta cin abinci. Hau ki zauna, amarya, kafin iska ta ɗauke ki."

Kafin mu yi maganar gida ta dire mana tebur: shinkafa mai tururi, miyar daddawar wake, kimci, wato kabeji mai yaji da aka tsuma tun bara har ya yi tsami, da soyayyen kifi. Da yatsunta ta dinga cire ƙayar kifin tana ɗora mini tsokar a kan shinkafa.

"Dillalai biyu ɗana ya turo mini daga Seoul," in ji ta. "Ɗaya ko takalmi bai cire ba ya leƙa mini ɗaki. Ɗayan ya zaga, ya yi waya, ya dawo wai wannan ba abin da zai iya sayarwa ba ne. Na ce to dama wa ya roƙe ka?"

Me ya sa ya ce haka? Tambayar ta zo mini har baki. Amma bakin cike yake da kifinta, hannunta na kan gwiwata, kuma ku faɗa mini gaskiya, wace ce a cikinku za ta ci abincin tsohuwa sannan ta titsiye ta da tambaya kamar 'yar sanda? Na haɗiye tambayar tare da loma.

"Ni mutum nake nema, ba mai kuɗi ba," ta ci gaba. "Shekara sittin ina gidan nan. Gwiwa ta ƙare, bayan Bikin Girbi zan koma gidan kula da tsofaffi. Wannan ya gama mini gyara, ya ga ciyawa ta rufe hanyar tudu, ya ɗauki lauje ba wanda ya sa shi. Na ce to, ga mai gidan ya zo." Ta juya wurin Gitae. "Iyayenka a ina suke kwance?"

"Ban sani ba, Kaka."

"Allah sarki. To ba ka da wani tudun da zai raba maka hankali."

Na ɗauke ta a maganar tsufa. Na ce zan wanke hannu, na zaga bayan randuna, na buɗe shafin rajistar gidaje a wayata na sa adireshin. Takardar ginin ta fito da sunan Kaka, babu jingina, babu ƙara, tas da ita. Na dawo ina taku ɗai-ɗai, na ɗaga wa Gitae gira alamar komai lafiya. Na zaro takardar ciniki da na bugo daga intanet na cike ta da kyakkyawan rubutuna. Kaka ta kwance hatiminta daga wani ɗan ƙyalle, ta hura masa iska, ta danna ja a kan takardar. Gitae ya tura mata kafin alƙalami nan take ta waya, gumin shekarunsa, a kan sauran sai bayan Bikin Girbi.

Umma sau biyu ta karanta takardun da tabarau a kan hanci.

"Ƙauye," in ji ta.

"Minti ashirin ne zuwa gari. Zan nemi canjin makaranta."

"Sunansa zai hau kai?"

"Bayan Bikin Girbi. Ni da kaina na duba komai, Umma."

Ba ta ce ta yarda ba, Umma ba ta faɗin irin wannan. Amma washegari na ji ta tana waya da mai ɗinkin barguna, tana ja-in-ja a kan auduga. Ranar Juma'a kuma ta cika robobi huɗu da kayan cin shinkafa ta ɗaure a ƙyalle ta tura mini da ƙafa. "Ki kai wa wancan. Ya rame." A lifta na yi kuka, don wannan ne karo na farko da ta ba shi wani abu.

Wata biyu da rabi na yi ina yawo a sama. Na zaɓi labule, na zaɓi tukunyar shinkafa, na cika ku da hotunan kanya tana nuna.

Lahadin da ta wuce, saura mako biyu Bikin Girbi, muka je da safe da awo don auna tagogi. Tun daga nesa muka ga motoci sun cika bakin hanya. Ƙofar gidan a buɗe, tsakar gida cike da maza, tsofaffi da magidanta, cikin hulunan rana da dogayen takalman roba, wasu da injin yankan ciyawa a baya. Suna shiga suna fita kamar gidan ubansu. Ɗaya har ya kwanta a dandamalina ya ɗora hula a fuska.

Kafin in tambayi kowa, Kaka ta leƙo daga kicin, gumi na zuba mata.

"Yawwa, amarya, kin zo daidai! Cire wannan jakar ki ɗaura wannan. Zo ki ga yadda ake yi, baɗi ke za ki yi."

Ta ɗaura mini zanen girki da kanta. Tukwanen nan uku duk suna kan wuta, kwanonin tagulla an sauko da su duka. Na ɗauka maƙwabta ne suka zo yi mata aikin gayya na ban kwana. Na zage na yanka albasa, na zuba miya, na ɗauki tire na fita da shi, har ina murmushi.

A tsakiyar dandamali wani dattijo yana zaune, fari fat da furfura, riga a goge, sanda a gefensa. Shi kaɗai ne ba shi da takalmin roba. Ana kiransa Dattijo Maeng. Ya dube ni, ya dubi Gitae da ke tsaye da awo a hannu.

"Ku ne sababbin masu tsaron?"

"Mu ne muka sayi gidan, Baba," in ji Gitae, ya sunkuya.

"Ginin, kake nufi. Eh, ta gaya mana. Ginin nata ne, mijinta ya gina da hannunsa." Ya nuna ƙasa da kan sandarsa, ya zagaya da ita har tudun. "Daga bakin rafi zuwa ƙololuwa, ƙasar zuriyarmu ce. Kakanninmu goma sha ɗaya ke kwance a can sama. Mahaifina ne ya zaunar da mijinta nan, ya tsare mana su."

Tiren ya yi mini nauyi. Na dire shi, na koma bayan randunan nan, wuri ɗaya da na tsaya a watan shida, na buɗe wayata. Ku saurare ni da kyau, musamman ku 'yan bene irina. Gidan bene takardarsa ɗaya ce, ɗakinka da rabonka na ƙasa duk a haɗe. Ita na sani, ita na gani a durowar Umma tun ina yarinya. Gidan ƙasa kuwa takardunsa biyu ne, ta gini daban, ta fili daban. A shafin nan, ƙasa kaɗan da inda na danna wancan karon, ga wurin danna na fili yana kallona. Na danna. Sunan zuriyar Maeng ya fito, tun kafin a haifi Umma.

Na shiga kicin.

"Kaka, ba ki gaya mana ƙasar ba taki ba ce."

Ta juyo da ludayi a hannu, da mamakin gaskiya a fuskarta. "Ƙasa? Wa ke sayar da ƙasar masu barci? Gida na ce zan sayar, gida na sayar. Duk ƙauyen nan har kare ya san gidan masu tsaro ne. Ke ba kin ce kin duba takarda ba?"

Ba ta cuce mu ba. Na so a ce ta cuce mu, da na samu wanda zan yi wa ihu. Na tambaye ta kafin alƙalamin cikin ƙaramar murya, ta ce ai tun a watan bakwai ɗanta ya kai wa gidan tsofaffi don a riƙe mata gado.

Da na fito, dattijon yana yi wa Gitae bayani a tsanake, babu faɗa. Za a yanke ciyawar kaburbura sau biyu a shekara. A watan goma na lissafin farin wata, ranar babbar gaisuwar kakanni, matar gida za ta dafa abincin sadaka da na mutum wajen arba'in. A madadin haka mu zauna kyauta, mu noma 'yar gonar da ke bayan katanga.

"In kuma ba ma so fa?" Muryata ce ta fita, ban san na yi magana ba.

Wani magidanci mai jan tawul a wuya ya yi dariya. "Sai ku ɗauki gininku a ka ku kai inda kuke so."

"Kai, rufe mana baki," in ji dattijon. Ya dube ni. "'Yata, ba mu korar kowa da rana tsaka. Amma ba za mu zaunar da baƙo a ƙafar kakanninmu haka kawai ba. Ku yi shawara. Lahadi mai zuwa ina nan."

Na juya in ce wa Gitae mu tafi, sai na ga ba ya wurin. Wani tsoho yana ta jan igiyar injinsa ya ƙi tashi, shi kuwa ya durƙusa ya karɓa, ya buɗe, ya hura wani abu, ya ja sau ɗaya injin ya ɗauka. Maimakon ya miƙa masa, sai ya saɓa a baya ya bi su tudun. Awa uku ina jin kukan injin daga kicin, ina wanke kwanonin kakannin wasu, hawaye na ɗiga a ruwan wanke-wanke.

A mota, da yamma, da muka hau babban titi na dubi Gitae. Ƙeyarsa ta ƙone da rana, ciyawa maƙale a gashinsa.

"Yaya, ka yi mini faɗa mana."

"Na me?"

"Ni na ce ka bar mini takardu."

"Ni ma ina da ido, ban duba ba. Boram, kin san duk shekara war haka abokan aikina suke ɗaukar hutu su tafi yankan ciyawa. Suna ta ƙorafi, wai rana, wai zanzaro, wai cunkoso a hanya. Ni nake tsare shago. Yau na hau, na ga yadda ake yi. Da muka gama suka jera suka sunkuya, wani ya ja ni ya ce kai ma tsaya a baya. Ban san ko su waye a ƙasan ba. Amma na sunkuya."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya kama ni, duk a lokaci ɗaya.

Kwana biyu ban gaya wa Umma ba. Ina shiga gida in ga bargunan da aka kawo jibge a falo cikin leda, ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi, in wuce ɗakina da sauri. Ranar Laraba na dawo aiki da la'asar na tarar da ita zaune a ƙasa, wayarta a kan cinya, talabijin a kashe.

"Wancan ya kira ni," in ji ta. "Ya ce ginin kawai ya saya, ƙasar ta wasu ce. Ya ce garaje ya yi, ya biya kuɗi kafin ki gama dubawa, kin hana shi bai ji ba. Ya ce in yafe masa." Ta ɗago. "Mutumin da ba zai iya sayen gida ba tare da ya jefa ki rami ba, shi zan ba ki? Maganar nan ta mutu, Boram."

Ga ƙofa ya buɗe mini. Da na yi shiru, da na tsira da mutuncina a idon Umma, in ya so daga baya in lallaɓa. Ba zan ɓoye muku ba, na yi shirun, na kai ƙirga goma ina kallon bargunan. Sannan na durƙusa a gabanta.

"Ƙarya ya yi miki, Umma. Bai biya ba sai da na ce masa komai lafiya. Takarda ɗaya na duba. Ban san biyu ba ne."

Ta daɗe tana kallona.

"Ke? Mai mayar wa mutane fom?"

"Ni."

"Ƙasar ta wa ce? Ta gwamnati?"

"Ta wata zuriya ce. Akwai kaburburansu a tudun bayan gidan. Sun ce za mu iya zama in za mu riƙa yanke ciyawa, ni kuma in dafa..."

"Abincin watan goma," ta ƙarasa mini.

Muryarta ce ta sa na ɗago. Fuskar Umma ta koma kamar takarda.

"Kaburbura nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Mu namu ashirin da uku ne."

Duk rayuwata abin da na sani shi ne kakana manomi ne, ya rasu da wuri, ƙauyensu ba kowa. Ban taɓa zuwa ba, ban taɓa tambaya ba.

"A irin gidan aka haife ni," in ji ta, tana kallon bango. "Ina shekara bakwai na fara ɗaukar tire. Yaran da ban girma ba, da waɗanda na girma, duk suna kiran ubana da gundarin sunansa, shi kuma yana amsa musu da ranka ya daɗe. A makaranta ba ni da suna sai 'yar mai tsaron kabari. Uwata ta yi kwana uku tana girki da zazzaɓi don watan goma ba ya jiran kowa. Ina sha bakwai na gudo Daegu na shiga masaƙa, na rantse ba zan sake kwana a gidan da ƙasarsa ke da mai ita ba. Kin ɗauka don son iska na hau hawa goma sha huɗu? Shekara arba'in ina gudun tiren nan, ke kuma kin je kin saye shi da kuɗi."

"Umma, zamani ya canja. Dattijon ya yi mana magana da mutunci. Har abinci suka ci da shi."

"Da shi?" Ta juyo gaba ɗaya. "A ina ya zauna?"

"A dandamali."

"A ina a dandamalin? A babban tebur tare da su, ko can baki wajen takalma, da ɗan tebur nasa shi kaɗai?"

Sai a lokacin hoton ya dawo mini. Mazan sun kewaye dogayen tebura biyu a tsakiya. Gitae yana can ƙarshe, kusa da ƙofar kicin, ƙafafunsa na lilo a tsakar gida, ɗan ƙaramin tebur a gabansa. Yana ci yana murmushi.

"Can baki," na ce.

"Wa ya kai masa teburin can?"

"Kaka ce ta ce in ajiye a nan. Ni na kai."

Umma ta rufe ido. Na zaci za ta mare ni, kuma da ta mara da na ji sauƙi. Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki, na ji tana jan ƙofar kabad. Ta fito da kwat ɗinta baƙi mai siket, wanda rabonta da shi tun cikar Abba shekara uku da rasuwa, ta jefa mini a cinya.

"Ki goge shi. Ranar Lahadi za ki kai ni."

"Umma..."

"Kun ce ba ku son dillali. To yanzu kun samu, kuma ba na karɓar la'ada. Na san duk abin da irinsu ba sa rubutawa a takarda, zan sa ya rubuta ya danna hatimi: shekara nawa, aiki nawa, wa zai biya masu girki, don 'yata ba za ta tsaya kan tukunyar mutum arba'in ita kaɗai ba. Amma kafin takarda, zan ga inda za su zaunar da shi. In tsohon nan ya matsa ya ba shi wuri a teburinsa, zan saurara. In kuma suka sake nuna masa wajen takalma, zan kama hannunki mu fito, gida da aure duk su zauna a can."

"Ai ba laifinsa ba ne!"

"Na sani." Karo na farko muryarta ta karye. "Yaron da ya kira ni ya ɗauki laifin 'yata ya ɗora wa kansa, kin ɗauka ban san darajarsa ba? Shi ya sa. Ubana ma haka yake, duk inda aka ajiye shi godiya yake yi. Na kalli mutum ɗaya ya tsufa a wajen takalma. Ba zan kalli na biyu ba, da jikokina a bayansa."

Ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Na jona dutsen guga, na shimfiɗa kwat ɗin, ina gogewa ina share ido da kafaɗa don kada hawaye ya ɓata mata shi. Ina kan hannun riga na biyu wayata ta yi ƙara. Gitae ne.

"Umma ta yi fushi sosai?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Ta yaya zan gaya masa aurenmu ya rataya a kan inda wani tsoho zai nuna masa da sanda? In na gaya masa ya je ya nemi wurin da kansa, Umma za ta gane. In ban gaya masa ba, na san shi, da ƙafarsa zai wuce can ƙarshe ya zauna tun kafin a ce masa komai.

Ya ga ina ta rubutu babu abin da ya iso, sai ya sake turowa.

"Kada ki damu, Boram. Ki gaya mata mutanen kirki ne. Ba ki gani ba? Har tebur nawa ni kaɗai suka ba ni."